Sharhi kan ƙamusun waya da ya yi tuntuɓe da kalmar "face"

Manhajar ƙamusun Turanci da Hausa ɗin nan da malamai da 'yan aji shida suke ta tura wa juna, wadda take aiki ko babu data, na biya kuɗinta na shekara saboda ɗalibaina masu shirin WAEC da NECO, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Duk wanda ya biya ya san kuɗin ba kaɗan ba ne. Abin takaicin shi ne ba wata kalma ce mai wuya ta kayar da ita ba. Kalma ce mai harafi huɗu da ake koya wa ɗan firamare ranar da aka fara darasin sassan jiki, wato "face".

Idan ka rubuta ta a gurbin bincike, ba "fuska" za ta fito ba. Abin da zai fito shi ne "except". Dalilin kuwa shi ne manhajar tana zuwa ne da tsarin gane harshe da kanta, kuma jerin kalmomin Hausa take fara dubawa kafin na Turanci. To, a rubutun boko muna da tamu "face" ɗin, wadda muke cewa "babu wanda ya zo face Audu", ga kuma ta face hanci. Harufan iri ɗaya ne, ba alamar karin sauti, ba alamar tsawon wasali, sai manhajar ta ɗauka Hausa ka rubuta, ta mayar maka da ita Turanci. Yaron da bai riga ya san kalmar ba, haka zai kwafe a littafinsa cewa "face" ta Turanci tana nufin "sai dai". Kuma cutar ba a nan kaɗai ta tsaya ba. Haka take yi wa "wake", ta ba ka abincin maimakon farkawa daga barci, haka "dare", haka "mace", "sake", "rage" da "take". Dukkansu kalmomi ne da suke yawo a kowane shafi na littafin karatu.

Akwai dabara. Ka shiga saituna, ka kashe gane harshe da kai, ka zaɓi daga Turanci zuwa Hausa. Sai dai da zarar ka rufe manhajar ta koma gidan jiya, sai ka sake saitawa. Hanya mafi sauri ita ce ka rubuta "the face" idan sunan kake nema, ko "to face" idan aikatau kake so. Amma mai koyo ta yaya zai san ya yi haka, alhali abin da ya zo nema ke nan?

Duk da haka, da shafin gaskiyar ya buɗe, na ɗan sauko, domin ɓangaren furuci ya burge ni sosai. Mu Hausawa da leɓɓa biyu muke furta harafin f, shi ya sa "face" da "pace" suke zama abu ɗaya a bakin yaranmu. Manhajar ta sa hoton baki, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, iska na fita ta tsakaninsu, ga maɓallin rage saurin murya. Ta jera kalmar kusa da "pace" da "phase" da "faith" don kunne ya ji bambancin farko da na ƙarshe. Ta nuna cewa jam'in, "faces", gaɓa biyu ne, ana jin kamar "fesiz", shi kuma "faced" gaɓa ɗaya ne da yake ƙarewa da sautin t, ba d ba. Irin wannan ne ake tambaya a takardar furuci ta WAEC mai tambayoyi 60, kuma a nan yara suke zubar da maki a banza. Wannan ɓangaren kaɗai ya kusa sa in yafe wa masu manhajar.

Bayanin asalin kalmar ma daidai yake. Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, wajen shekarar 1300, cikin kalmomin da suka kwararo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, tushenta kuma kalmar Latin ce "facies", mai ma'anar siffa ko kama. Wannan yana da amfani a aji, domin shi ne yake bayyana dalilin da ya sa Bature yake kiran gaban agogo da gefen dutse da saman kati duk da wannan kalma, kuma yana haɗa ta da 'yan uwanta irin su "surface" da "facial" da "deface".

Amma da na gangara sashen karin magana da salon magana, sai ɓacin ran ya dawo sabo, har ya fi na farko. A nan aka ga cewa babu Bahaushen da ya zauna ya duba aikin nan. "Lose face" an fassara shi "rasa fuska". Wane ne yake rasa fuska a Hausa? Ma'anarsa mutuncin mutum ya zube a idon jama'a, girmansa ya faɗi. "Save face" an ce "ajiye fuska", alhali tsira da mutunci ake nufi, ko a rufa wa mutum asiri ya fita daga magana ba tare da kunya ba. Abin mamaki, a ƙasan wannan gurguwar fassarar sun rubuta cewa Turawa sun aro "lose face" ne daga Sinanci a ƙarni na 19, wanda gaskiya ne. Sun san inda maganar ta fito, sun kasa faɗin abin da take nufi.

"Face the music" sun ce "fuskanci kiɗa". Babu kiɗa a ciki ko kaɗan, mutum ne ya tsaya ya karɓi hukuncin abin da ya aikata, ya girbi abin da ya shuka. "A long face" sun ce "doguwar fuska", mu kuwa cewa muke ya ɓata rai, ya turɓune fuska. "Keep a straight face" sun ce "miƙe fuska", abin nufi kuwa a danne dariya. "Face to face" sun ce "fuska zuwa fuska", ga "ido da ido" da "gaba da gaba" a bakin kowa. Guda ɗaya da suka dace ita ce "two-faced", mai fuska biyu, shi ma don harsunan biyu sun yi karo a wuri ɗaya ne. Tambayoyin zaɓen ma'ana mafi kusa a jarrabawa daga irin waɗannan ake ɗebo su, kuma amsar tarko a koyaushe ita ce ta fassarar kalma da kalma. Ke nan manhajar tarkon take koya wa yaro ya zaɓa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Hausa ba ta rasa kayan aiki ba a wannan fanni. Muna da sakin fuska, da ɗaure fuska, da murtuke fuska, da "ta wannan fuskar", da "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma". Aikataunmu "fuskanta" ma tafiyarsa ɗaya da na Turanci: a fuskanci alƙibla, a fuskanci matsala, a fuskanci hukunci. Da sun kafa bayaninsu a kan wannan, da rabin aikin ya ƙare.

Nahawun aikatau ɗin kuwa layi ɗaya suka ba shi. Ba su faɗa ba cewa kai tsaye yake ɗaukar abin da aka fuskanta, a ce "face the wall", ba a sa "to" a tsakani, wanda kuskure ne da nake gani kullum a insha'in yara. Ba su nuna cewa "with" yana zuwa ne a sigar "be faced with" ba, wato matsala ce ta taso wa mutum. "Face up to", yarda da gaskiya mai ɗaci a tunkare ta, babu shi sam. "In the face of", mai nufin duk da ko a gaban wata barazana, da "on the face of it", mai nufin a zahiri kafin a bincika, an cusa su wuri ɗaya kamar abu guda ne. "Face value" an ba shi ma'anar ƙimar da aka buga a jikin takardar kuɗi, wanda daidai ne, amma an bar ɗaya ma'anar da ta fi yawa a jarida, wato ɗaukar magana yadda aka faɗe ta ba tare da an tona ba.

Ɗan ƙaramar sakandare da zai nemi kalmar don aikin lissafi shi ma zai tashi hannu wofi. A darasin siffofi ana cewa kwali mai kusurwa daidai yana da "faces" 6 da gefuna 12 da kusurwoyi 8, manhajar kuwa ba ta san da wannan ma'anar ba. Haka Turancinmu na gida, irin "face your work" da malamai suke faɗa wa yaro ya mai da hankali kan aikinsa, da "face cap" ta hular hana sallah, da gidajen "face-me-I-face-you" na Legas, ko ɗaya ba a ambata ba, a ƙamusun da aka yi don 'yan Nijeriya.

Na aika musu gyare-gyaren nan ta maɓallin kai ƙorafi da ke ƙasan shafin, amsar na'ura ce kawai ta dawo, kuma sabuntawar da ta biyo baya launin shafi ta canza, fassarar tana nan yadda take. Ɗalibaina na bar musu sashen furuci da belun kunne, na hana su kwafar komai daga sashen karin magana sai sun kawo min na gani. Kuɗin shekara mai zuwa kuma ba zan biya ba sai na buɗe na tarar an cire "rasa fuska".