Fitilar mota tana shan ruwa: me za ka saya, me za ka bar wa mai shago?

Da damina ta kankama, musamman a watan Agusta, motoci da yawa fitilunsu na gaba sukan yi gumi daga ciki, wasu har ruwa ya kwanta a ƙasan gilashin. Abin da akasarin masu mota ke yi shi ne su nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna su ce a ba su gam, a miƙo musu silikon, su shafe bakin fitilar kaf. Bayan sati biyu ruwa ya dawo. Ina jin takaicin wannan asarar, domin sau da yawa ba ta bakin gilashi ruwan yake shiga ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka san cewa ba a ƙera fitilar mota a toshe ruf ba. A bayanta akwai 'yan ƙofofin shan iska, wasu da lanƙwasasshen tiyon roba, wasu da ɗan ƙyalle mai hana ruwa wucewa. Ta nan zafin ƙwan fitila yake fita. Saboda haka ɗan hazo-hazo da sassafe, wanda zai washe in ka kunna fitila na kamar minti 20 zuwa 30, ba matsala ba ce, kada ka sayi komai. Wanda ke neman gyara shi ne ɗigon ruwa manya-manya da ke gangarowa, ko ruwan da ya taru a ƙasa.

Abu mafi araha, kuma wanda ya fi yawan zama maganin, shi ne murfin roban da ke bayan ƙwai. Zafin injin da na ranarmu yana busar da shi ya tsage. Wani lokacin kuma mai gyaran wutar mota ne ya cire shi don ya sa ƙwan LED mai fanka, da ya ga ba zai rufu ba sai ya jefar. Buɗe bonet ka leƙa. In babu murfi ko ya tsage, auna faɗin bakin ka nemi daidai da shi, akwai ma masu zurfi da aka yi musamman don ƙwan LED. Ka duba zoben roban da ke wuyan wasu ƙwayayen, kamar mai lamba H11, sannan ka busa ƙofofin iskar nan, domin ƙurar hunturu da gidan zanzaro suna toshe su.

In duk waɗannan lafiyarsu ƙalau, to sai a koma kan haɗin gilashi da bodin fitilar. A nan ne zaɓi yake da yawa, kuma a nan ake yin kuskure.

Gam ɗin da na fi yarda da shi shi ne butil, baƙar roba mai danƙo da ake sayarwa a naɗe kamar igiya. Da irinsa kamfani ya haɗa fitilun yawancin Toyota da Honda da ke yawo a titunanmu. Ba ya bushewa ya yi tauri: in fitila ta ɗau zafi ta buɗa sai ya bi ta, in ta huce ya dawo tare da ita, gargadar hanya ma ba ta fasa shi. In wata rana ka so sake buɗe fitilar, zafi kawai za ka ba shi ya saki. Wahalarsa ita ce aiki. Dole a kwance fitilar daga mota, a wasu motocin sai an sassauta bamba, a ɗumama bakin da na'urar hura zafi har gam ya yi laushi, a ɓamɓare gilashin a hankali, a kankare tsohon gam daga kwarmin, a shimfiɗa sabo ba tare da an bar giɓi a kusurwa ba, a sake ɗumamawa a matse. Kada a tsayar da zafi wuri ɗaya, robar za ta narke. Kuma idan fitilar tana buɗe, kada ka goge madubin nan mai sheƙi na ciki da tsumma, fentinsa siriri ne ƙwarai, shafa ɗaya tana iya ɗauke shi. Akwai wasu motocin Turai da Amurka da aka haɗa fitilarsu da gam mai tauri wanda zafi ba ya sassauta shi sosai. Irin wannan ba aikin gida ba ne, kai wa wanda ya saba.

Silikon shi ne ake samu ko'ina, kuma yana da inda yake amfani: shafawa ta waje a kan ɗan wurin da ka tabbatar yana yoyo, don ka ƙarasa damina. Amma iri biyu ne. Mai warin tsami mai hawa kai, wanda ake like gilashin taga da banɗaki da shi, yana fitar da tururin da ke cin ƙarfe, yana kuma iya dusar da cikin fitila. Nemi wanda aka rubuta Neutral a jikinsa, ka wanke wurin ya bushe sarai kafin ka shafa, ka ba shi awa 24. Ka sani kuma, inda silikon ya taɓa zama butil ba ya kamawa da kyau sai an kankare shi tas, don haka wanda ya yi niyyar gyara na dindindin gara ya tsallake shi tun farko.

Sufa gulu kuwa, ka bar shi a shago. Tururinsa yana sa gilashin roba ya yi fari, kuma shi gulun yana tsagewa da jijjiga. Araldite yana da kyau a kan tsagewar baƙin bodin baya, ban da bakin gilashi. Masu huda ƙasan fitila da ƙusa don ruwa ya tsiyaye suna buɗe wa ƙura hanya ne, zuwa Janairu cikin fitilar ya yi ja. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi suna rage hazo na ɗan lokaci, amma ba sa tare yoyo.

Idan gilashin kansa ya fashe, ko madubin ciki ya riga ya yi baƙi, sayen wata fitilar ya fi. Tsakanin ta Beljiyam, wato ta hannu da aka ciro daga wata mota a waje, da sabuwa ta Taiwan, irin su Depo da TYC, ni ina fifita ta Beljiyam mai lafiya, wadda za ka ga tambarin Koito ko Stanley, kamfanonin da ke ƙera fitilun asali, a jikinta, domin haskenta ya fi daidaituwa. Sai dai ka ɗaga ta a rana ka duba: tabon ruwa a ƙasa, kunnuwan ɗauri da aka like, da alamar an taɓa buɗe ta. In ka ga ɗaya daga ciki, sabuwar Taiwan ta fi ta. Ka tambayi daga inda ta fito. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, fitilar da aka cire daga motar Ingila ko Japan kuwa an saita ta ne don hannun hagu, za ta riƙa haska idon mai tahowa. Ka je da tsohuwar taka a gwada, domin Corolla ta Amurka da ta Turai ta shekara ɗaya fitilarsu tana iya bambanta.

Masu fitilar HID, mai farin hasken nan da ake kira zenon, su fi kowa hanzari. A motoci da yawa akwatin wutarta a ƙarƙashin fitilar yake, daidai inda ruwa ke taruwa, kuma yana tayar da ƙwai da wutar da ta haura volt 20,000, don haka a cire kan batir kafin a taɓa shi. Ko wane gyara ka zaɓa, ka busar da cikin fitilar sarai kafin ka rufe, ka zuba mata ruwa da tiyo a kan haɗin don gwaji kafin ka mayar da ita, sannan ka gaya wa yaran wankin mota su daina kafa bakin injin feshi a gefen fitila, musamman idan tana da zafi.