Yawon Efidauros: na je neman ɗakin mafarki, aka tsayar da ni a dandalin wasa

Abu ɗaya ya sa na biya kuɗin yawon yini guda daga Atens zuwa Efidauros, tsohon wurin bautar Askilepiyos, abin bautar waraka na tsoffin Girkawa: ina son in ga ɗakin da marasa lafiya suke kwana a zamanin da suna jiran mafarki. Na daɗe ina ganin sandarsa da maciji ya nannaɗe a jikin motocin asibiti da tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma ban taɓa samun wanda ya gamsar da ni kan abin da ya haɗa maciji da waraka ba.

Da sassafe kamfanin ya kwashe mu a ƙaramar bas, mu goma sha ɗaya, tafiyar wajen awa biyu. Mota tsaf, direba mai natsuwa. Nan ba ni da ta cewa.

Ƙorafina yana kan rabon lokaci. Muna sauka aka nufi dandalin wasan kwaikwayo da mu, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, mai cin mutum kusan 14,000. Wuri ne mai ban mamaki, ban musa ba. Jagorarmu ta tsaya a tsakiya ta saki tsabar kuɗi a ƙasa, mu da ke can sama muka ji ƙararta sarai. Sai dai fiye da awa guda muka ɓata a nan, kowa na son ya tafa hannu a ɗauke shi hoto. Ni kuwa hankalina na can gangare, inda ɗakin kwanan yake.

Da muka shiga ɗan ƙaramin gidan tarihin ne matar nan ta fanshi kanta. Ta kai mu gaban allunan dutse da aka rubuta labaran waraka, kusan 70 suka rage, ta bi layi ɗaya da yatsa ba tare da ta taɓa dutsen ba, tana fassarawa. Wani mutum ne mai mugun gyambo a yatsan ƙafa. Da rana masu hidima suka fito da shi suka zaunar a kan kujera, barci ya kwashe shi. Sai maciji ya fito daga ɗakin kwanan, ya lashi yatsan, ya koma. Da mutumin ya farka ya ga ya warke, ya ce shi a mafarki wani kyakkyawan saurayi ya gani yana shafa masa magani.

Na roƙe ta ta maimaita, ta kuwa maimaita. Waɗanda ke farke maciji suka gani, mai barci ya ga mutum, kuma abu guda ake ba da labarinsa. Ban yarda da abin bautarsu Askilepiyos ba, kuma na san masu kula da wurin ne suka sa aka sassaƙa labaran don jawo mabuƙata. Duk da haka a nan na gane inda Girkawan nan suka ajiye maciji: a bakin ƙofa, tsakanin ido biyu da barci. Dabba ce da ke shigewa rami ta ɓace, ta fito, ta yi saɓa ta bar tsohuwar fata. Majinyacin ma haka ake so ya yi. Ya yi wanka, ya miƙa hadaya, ya kwanta cikin duhu, hankalinsa ya nutse wani wuri, gari ya waye ya fito sabo.

Wani matashi a cikinmu ya so ya ja ta zuwa zancen kundalini na Indiya, macijin da masu yoga ke cewa yana naɗe a gindin ƙashin baya. Ta amsa masa a taƙaice, ta ce kowace al'umma da nata macijin, kada a zuba su a tukunya ɗaya. Hakan ya ƙara mata daraja a idona. A maimakon haka ta ba mu labarin annobar da ta afka wa Rum a shekara ta 293 kafin Miladiyya, aka aiko jakadu nan, suka koma da maciji a jirgin ruwa, ya sauka a tsibirin kogin Tiba, aka gina wurin bauta a inda ya sauka. Ta ƙara da cewa irin macijin da ake dangantawa da wurin ba shi da dafi.

Ginin nan mai da'ira da ake kira Tolos ma ta yi masa adalci. Ƙarƙashinsa akwai zagayayyun bangaye, ɗaya cikin ɗaya, kamar maciji ya naɗe. Ta ce wasu na ganin a nan ake ajiye macizan, wasu masana ba su yarda ba, ta bar shi haka.

Ɗakin kwanan, Abaton, shi muka isa a ƙarshe, direba har ya fara kiran waya. Doguwar rumfa ce mai ginshiƙai, an sake tayar da wasu, da rijiya a gefe guda. Minti goma kacal aka ba mu. Na tsaya a inuwar ginshiƙi, gyare na ta kuka cikin itatuwa, ina ƙoƙarin hango mutane kwance jere cikin dare, kowa da ciwonsa, ana kashe fitilu. Ban gama ba aka ce mu tafi.

Wanda zai bi wannan yawon don macijin, ya faɗa wa jagora tun a cikin mota cewa zai bar dandalin da wuri, ya gangara Abaton shi kaɗai, ya same su a gidan tarihi lokacin karatun allunan.