Zuwa Kisite: jirgin katako ko mai gudu?

Ana yawan tambayata wane jirgi ya fi dacewa daga Shimoni, a kudancin gaɓar Kenya, zuwa gandun teku na Kisite-Mpunguti, wurin da aka keɓe don kare halittun ruwa.

Jirgin katakon Sawahilawa ya fi araha, don kuɗin a kan jama'a yake rabuwa. Tafiyarsa a hankali ce, akwai inuwa, kana zaune dolfin, manyan dabbobin teku masu kama da kifi, kan ɓullo dab da gefensa, har ka ji hucinsu. Wannan kam ba ya mantuwa. Sai dai lokacinka na hannun ayari.

Mai gudu akwai tsada, amma da wuri za ka isa wurin iyo kan duwatsun murjani na cikin teku kafin cunkoso. Idan kusi, wato iskar teku mai ƙarfi da ke kaɗawa daga kudu, ta taso, wajen Yuni da Yuli, dukan igiyar ruwa har ƙashin baya.

Mai iyali da tsofaffi, katako. Wanda iyo ya kawo shi, kuma lokacinsa kaɗan ne, mai gudu.