Osmo Pocket 3 a titin Kano: sharhi ga masu ɗaukar bidiyon gaggauta lokaci

Wannan 'yar kyamarar kamfanin DJI da ta fito a 2023 nauyinta giram 179 ne, tana shiga aljihun kaftani, kuma kanta na zaune a kan gimbal mai hana girgiza. Na gwada ta ne a aiki guda: ɗaukar birni ta yadda zirga-zirgar rabin awa za ta koma daƙiƙa goma sha biyar. Ta iya aikin, amma ba ita kaɗai ba. Sai an haɗa mata da filta da ƙafa uku mai nauyi.

A fara da lissafi, don nan masu koyo ke faɗuwa. Idan bidiyon zai gudana a hoto 25 cikin daƙiƙa, daƙiƙa goma na buƙatar hoto 250. In ka sa tazarar daƙiƙa 2 tsakanin hoto da hoto, za ka tsaya minti 8 da daƙiƙa 20. Wannan tazarar ita ta fi dacewa da adaidaita sahu da masu tafiya a ƙasa, kamar a shataletale ko bakin Kantin Kwari. In ta kai daƙiƙa 5, mutane sai su riƙa ɓullowa suna ɓacewa, ido ba ya iya bin kowa. Daƙiƙa 5 ta gajimaren damina ce da faɗuwar rana: minti 30 zai ba ka hoto 360, kusan daƙiƙa 14 ke nan. Zaɓi hoto 25 cikin daƙiƙa ka bar 30, saboda sauran bidiyon da za ka haɗa da shi a 25 ko 50 ya kamata a ɗauke shi. Wutar lantarkinmu 50Hz ce, in ka saɓa mata fitilun shaguna za su yi ta ƙyaftawa.

Babbar maganar ita ce hasken rana. Ƙofar hasken kyamarar a kafe take a f/2.0, ba a matse ta. Da tsakar rana, ko ka saukar da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 50, shota, wato lokacin da take buɗewa ta ɗauki kowane hoto, sai ta haura wajen 1/3200 na daƙiƙa. Kowane hoto zai fito tsaf ba ko ɗan jirwaye, in aka jera su kuma motsin sai ya riƙa tsalle-tsalle. Abin da ake so shi ne mota ta ɗan ja jela a kowane hoto, shi ke sa titi ya zama kamar ruwa na gudana. Maganinsa filtar ND, baƙin gilashi mai maganaɗisu da ake mannawa a gaba. Lambar filtar na nuna yawan hasken da take ragewa: ND16 ba ta isa a ranar Kano. ND256 tana saukar da shota zuwa kusan 1/12, a nan ne jelar ke fara fitowa. Wata mai araha marar suna da na gwada ta mayar da sararin sama ruwan goro, kuma nauyinta ya sa gimbal ya riƙa sunkuyawa. Kada a yi rowa a nan.

Kafin ka danna, kulle haske da hannu, ka kafa launi a 5600K, wato launin hasken rana. In ka bar su a otomatik, duk farar motar da ta gifta sai hasken ya canza, bidiyon ya yi ta walƙiya. Magariba ce kawai ke da wuya: a nan duhu ba ya jira, minti ashirin da 'yan kai bayan faɗuwar rana an gama. Cire filtar, fara minti 20 kafin kiran salla, ka saita hasken ya ɗan yi yawa a farko.

Motionlapse, tsarin gaggauta lokaci da kan kyamarar ke motsi, shi ne abin da ya biya kuɗinta. Kana saka mata wuri har huɗu, kan ya riƙa juyawa a hankali daga wannan zuwa wancan. Daga saman Dutsen Dala, wuri biyu sun isa. Huɗu a cikin minti goma jiri yake sa mai kallo.

'Yar ƙaramar ƙafa uku ta kyamarar ba ta jure iska. Ɗaura kyamarar a babbar ƙafa uku, ka rataya jaka a tsakiya. A kan gadar sama kuwa, duk tirelar da ta wuce sai ƙasa ta amsa, don haka tsaya daidai kan ginshiƙi, ba tsakiyar gada ba. Jikin kyamarar ba a rufe yake daga ruwa da ƙura ba, a hunturu ka hure gaɓoɓin gimbal da abin busa iska bayan kowace fita. Iyakar zafin da aka rubuta mata digiri 40 ne, Afrilun Kano kuwa yana wuce haka, sai an yi mata inuwa da lema ko hula. Ɗaukar da za ta haura awa guda, haɗa ta da fawa banki tun farko, don taɓa ta a tsakiyar aiki yana gusar da hoton. Ba ta da ma'ajiya a ciki, sai ka sayi katin microSD mai alamar sauri V30.