Horon Wata Uku Kan Auna Radiyeshon a Abuja: Abin da Ɗalibin Digiri na Biyu Zai Samu

Na shiga wannan horo ne bayan na kammala darussan aji na digiri na biyu a fannin fiziks na likitanci, lokacin da na lura cewa na iya lissafin yadda ƙarfin kobalt-60, wani sinadari mai fitar da radiyeshon, ke raguwa da rabi duk bayan shekara 5.27, amma ban taɓa riƙe na'urar auna radiyeshon a ɗakin gashin masu ciwon daji ba. Wata cibiya ce mai zaman kanta a nan Abuja take shirya shi tare da wani asibiti, ana yin darasi ranar Asabar, aikin hannu kuma da yamma a ranakun aiki.

Abin da ya fi komai daraja a cikinsa shi ne awon da ake yi a tankin ruwa. Malamar da ke kula da mu ba ta yarda ɗalibi ya tsaya yana kallo ba: kai ne za ka cika tankin, ka daidaita saman ruwan a nisan santimita 100 daga tushen hasken na'urar linak, wato injin da ake gashin da shi, ka nutsar da ma'aunin radiyeshon zuwa zurfin santimita 10, sannan ka karanta zafin ɗakin da nauyin iska kafin ka amince da lambar da ta fito. A nan ne na gane dalilin gyaran da ƙa'idar auna radiyeshon mai suna TRS-398, wadda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar a shekarar 2000, ta wajabta. An tsara ma'aunin ne bisa zafi digiri 20 da nauyin iska irin na bakin teku, alhali Abuja tana kan tudu, inda nauyin iska bai kai na bakin teku ba, Jos kuwa, da ta kai kimanin mita 1,200, ta fi ta nesa ba kusa ba, don haka wanda ya manta da wannan gyara zai ba majinyaci fiye da abin da likita ya rubuta. Majinyaciyar da ake yi wa gashi da gire 2 (ma'aunin yawan radiyeshon da jiki ya sha) a kowace rana, kwana biyar a mako har tsawon makonni, ba ta da hanyar gane kuskuren, kuma ita ce za ta ɗauki wahalarsa. Malamar takan sa mu maimaita awo sau uku, ko da dare ya yi, har sai lambobin sun yi daidai da juna.

Darasin kare kai ma ya gamsar da ni, domin an bi dokokin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya dalla-dalla, har da iyakar radiyeshon da zai iya shiga jikin ma'aikaci, wato milisibat 20 a shekara.

Sai dai akwai gyara. Na'urar ba ta samuwa sai an sallami majinyaci na ƙarshe, wanda hakan shi ne daidai, amma cibiyar ba ta faɗa mana tun farko cewa wani lokacin sai bayan Isha za a fara ba, lamarin da ya wahalar da masu zuwa daga Gwagwalada da Nyanya. Kwamfutar tsara magani ɗaya ce tak ga rukuninmu gaba ɗaya, fannin ɗaukar hoton cikin jiki kuwa a darasi biyu aka dunƙule shi.

Takardar shaidar da suke bayarwa ba za ta maye gurbin horon asibiti na aƙalla shekara biyu da hukumar ta duniya ke ba da shawara a yi kafin mutum ya fara aiki shi kaɗai ba, kuma na yaba da yadda suka faɗi haka ƙarara a ranar farko. Ga wanda ke shirin neman gurbi a irin shirin cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya, inda ake shekara ɗaya a aji da shekara ɗaya a asibiti, ina ganin wata ukun nan sun cancanci kuɗinsu, muddin ya tambayi adadin ɗaliban rukuninsa da lokacin shiga ɗakin na'ura kafin ya biya.