Gilashin polaraiza a hoton mota: amfaninsa da iyakarsa

Gilashin polaraiza, wato gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara, yana cikin kayan aikin da suka cancanci kuɗinsu ga mai ɗaukar hoton mota, domin jikin mota yakan kwaso hoton gajimare da gine-ginen da ke kewaye da ita, har launin fentin ya ɓace a cikin ƙyalli. Da na gwada shi a kan jar mota, ina juya zobensa a hankali sai farin hasken da ya lulluɓe gilashin gaba ya janye, kujeru da sitiyari suka bayyana, jan fentin kuma ya ƙara kauri. Sararin sama ma yakan yi duhu, musamman idan rana tana gefe da kusurwar digiri 90, abin da ke sa motar ta fito fili daga abin da ke bayanta.

Sai dai ba ya share ƙyallin ƙofa da na gilashin gaba a lokaci guda, saboda kowannensu yana fuskantar wani ɓangare daban. Mafita ita ce a kafa kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku, a ɗauki hotuna biyu ko uku ana juya zoben, sannan a haɗa su a manhajar gyaran hoto ta Photoshop. Yana kuma rage hasken da ke shiga kyamara da fiye da rabi, kuma ba ya tasiri sosai a kan ƙarfen da ba a shafa wa fenti ba. Duk da haka ina ba da shawarar sayensa, matuƙar an duba faɗin bakin kyamarar tukuna, ko milimita 67 ne ko 77.