Fargo: na yi dariya, amma zuciyata ba ta sake ba

Wanda ya tashi a Garwa ko Ngaundere, a arewacin Kamaru, ya san garkuwa da mutane tun kafin ya gan ta a fim. Mun sha jin an ɗauke makiyayi ko ɗansa a dajin Tuboro, ko can tsallake a Mayo-Kebbi ta Cadi, sai an karyar da garke kafin a fanso rai ɗaya. Shi ya sa da mai tura finafinai na unguwarmu ya ce ga fim mai ban dariya a kan satar mace, na karɓa da ɗari-ɗari.

Fargo fim ne na Amurka da ya fito a 1996, aikin wa da ƙane, Joel da Ethan Coen. Jerry dillalin motoci ne a Minneapolis, bashi ya kai masa iya wuya, surukinsa kuma attajiri ne mai maƙo. Sai ya ɗauko 'yan daba biyu su sace masa mata. Ya ce musu kuɗin fansa dala 80,000 ne za a raba, ya juya ya gaya wa surukin dala miliyan ɗaya ake nema. A nan jikina ya yi sanyi. Da ɗan gari kan ci gari, mu ma a nan wa ke gaya wa masu daji yawan shanun mutum in ba na kusa da shi ba?

Dariyar duk a kan miyagun take. Ɗaya bakinsa ba ya hutawa, ɗayan kuwa sai ya wuni bai ce uffan ba, kuma ba wanda ya iya aikin da ya ɗauka. Kana cikin yi musu dariya za su harbe ɗan sanda da matafiya biyu a bakin hanya, dariyar ta maƙale maka a wuya. Kafin a tashi rai bakwai sun salwanta. Na ji daɗin yadda ba a mai da ɗan fashi gwarzo ba, an nuna shi wawa, matsoraci, mai haɗama.

Wadda ta riƙe fim ɗin ita ce Marge, shugabar 'yan sandan ƙaramin garin Brainerd a jihar Minnesota. Tana da ciki wata bakwai, tana tafiya a hankali cikin dusar ƙanƙara, tana yi wa kowa tambaya da fara'a har maƙaryaci ya ruɗa kansa. Ba tsawa, ba mari, ba neman na goro. Zamanta da mijinta ma abin sha'awa ne, mutumin da ke tashi da asuba ya soya mata ƙwai kafin ta fita aiki. Frances McDormand, wadda ta fito a matsayin Marge, ta ci babbar kyautar fim ta Oscar da wannan rawa, kuma ta cancanta.

Abu biyu ban so ba. Matar da aka sace, Jean, kusan an manta da ita, har tsoronta aka yi wasa da shi, ni kuwa ita na fi tunani. Sannan a farkon fim an rubuta cewa labarin gaskiya ne da ya faru a 1987, alhali ƙirƙirarsa aka yi.

Fim ɗin bai kai awa biyu ba. Akwai jini, ashariya da fage na rashin kunya, don haka a bari yara su kwanta kafin a kunna. Wanda aka taɓa ɗauke masa ɗan uwa kuwa, shawarata ya haƙura da shi.